Kakanmu ɗaukar masu rauni ya yi a Yaƙin Hitila: ta ina zan fara neman takardunsa?

Jikan Lokotoro:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakon masu sani. Ruwan bana ya tsaga bangon ɗakin kakarmu a unguwar Birni ta Zinder, muna kwashe kaya don a yi gyara sai muka ci karo da wata ƴar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai wani farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa, da jan kuros a jikinsa, irin wanda ake ɗaurawa a damtse. Akwai sirinji na gilas cikin gidansa na ƙarfe. Sai wani ɗan falle na ƙarfe mai huji, an buga ZINDER da wasu lambobi a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma 1938 da suna. Sunan ya cinye, baƙi uku kawai nake iya karantawa, kuma ba su yi kama da sunan kakanmu ba.

Kayan mijinta ne, kakanmu, Allah ya jiƙansa. Ya rasu ina ɗan shekara shida. Duk unguwa Lokotoro ake ce masa, don shi ke wanke gyambo da ɗaure karaya kafin a kai mutum asibiti. Abin da muka sani a gida bai taka kara ya karya ba: ya je Yaƙin Hitila, an daɗe ba labarinsa har aka yi masa sadaka, sai ga shi ya dawo babu yatsu biyu a ƙafar hagu, wai sanyi ya cinye su. In an tambaye shi yaƙi sai ya ce, "Ni ban harbi kowa ba, ɗauka na yi." Daga nan ba ya ƙara komai.

Ina so in san rundunar da ya yi aiki, da inda aka kai shi, da abin da ya sa ya yi shekaru shiru. Ta ina ake farawa?

Ɗan Zango:
Allah ya jiƙan mazan jiya. Ka fara da ofishin tsofaffin sojoji, ko nan ko Yamai. In ya taɓa karɓar katin tsohon soja, to wataƙila sunansa na cikin rajistarsu.

Malamin Tarihi:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Ka riƙe ƙarfen nan da kyau, kar ka goge shi da yashi ko toka don neman sunan ya fito, za ka ƙarasa shi. Ka ɗauke shi hoto da hantsi, haske yana zuwa ta gefe, sau da yawa baƙaƙen kan fito a hoto fiye da yadda ido ke gani.

Wannan shi ne shaidar da kowane sojan Faransa ke ɗaurawa. ZINDER wurin da aka ɗauke shi ne. Lambobin su ne matirkil ɗinsa, wato lambarsa ta soja. 1938 kuma ba shekarar haihuwa ba ce, ita ce abin da suke kira classe, wato shekarar rukunin da aka ɗauka tare. A ƙa'ida ɗan shekara 20 ake ɗauka, amma a nan wa ke da takardar haihuwa a lokacin? Likitan soja ne zai dubi haƙora da ƙirji ya yanke shekaru. Tun dokar 1919 ake ɗibar samari a Afirka ta Yamma ta Faransa ko ba a yaƙi, aikin shekara uku. Ka ga ɗan rukunin 1938 yana cikin kaki yaƙi ya same shi a watan Satumba na 1939.

Wurin da za ka rubuta wa shi ne gidan ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a kudancin Faransa, Centre des archives du personnel militaire. Nan ake ajiye fayilolin ƙananan sojoji, har da na ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Takardar da za ka nema sunanta état signalétique et des services. Shafi ɗaya ko biyu ce galibi, amma a cikinta za ka ga ranar ɗauka, rundunonin da ya bi ɗaya bayan ɗaya, ranar shiga jirgin ruwa, ranar sauka, rauni, kamu, sallama. Kar ka sa ran labari, ranaku ne da gajartattun kalmomi. Amma su ne ƙashin bayan duk binciken.

Tsohon Majo:
Ɗana, ni shekara talatin na yi ina aikin jinya, kuma a farkon aikina na tarar da ragowar irin kakanka a asibitocin karkara. Hannunsu a kan ciwo daban yake.

Abu guda nake so ka bambanta tun yanzu, don zai canja inda za ka nema. Akwai mai ɗaukar masu rauni, brankardiye, akwai kuma anfirmiye, wato ma'aikacin jinya. Brankardiye na rejima, wato ƙaramar runduna, soja ne kamar kowa a cikin rundunarsa, an dai ba shi gadon ɗauka da ƙyallen jan kuros. Shi ke shiga inda ake ɓarin wuta ya jawo wanda ya faɗi, ya kai shi wurin agajin farko. Daga nan sai rukunin lafiya na babbar runduna ya karɓa, abin da a 1940 suke kira groupe sanitaire divisionnaire, su kuma su tura asibitin baya. Maganar kakanka, "ɗauka na yi", ta brankardiye ce. Amma sirinjin nan yana nuna ya wuce nan, don ba a ba mai ɗauka allura. Mai yiwuwa da ɗauka ya fara, daga baya wani likita ya ga hankalinsa ya jawo shi jiki.

Ku tuna kuma a 1940 babu fenisilin a hannunsu, sai da Amurkawa suka shigo da ita can wajen ƙarshen yaƙi. Abin da ke akwai shi ne aidin, da ruwan Dakin wanda har yau muke wanke ciwo da shi, da garin sulfamid, da morfin, da allurar hana sandarewar jiki wato tetanos. Sirinji kuwa dafa shi ake yi a cikin gidan ƙarfen nan da ka gani, a sake amfani da shi. Mutumin da ya koyi aiki da wannan ɗan abin, shi ya sa ya dawo ya iya riƙe unguwa guda.

Ƴar Sabon Gari:
Na taɓa jin cewa takardun lafiya na sojan Faransa duk suna garin Limoges a Faransa. Tunda ma'aikacin lafiya ne, ba can ya kamata ya rubuta ba?

Malamin Tarihi:
Kin ji daidai, amma da gyara, Hajiya. Na Limoges takardun majinyata ne, waɗanda aka kwantar a asibitocin soja, ba na ma'aikata ba. Da a ce lafiya lau ya dawo, da na ce kar ya ɓata tambarin wasiƙa. Sai dai maganar yatsun nan biyu: in a asibitin soja aka yanke su, to akwai yiwuwar an rubuta. Amma sai ya samu amsar Pau tukuna, don su na Limoges za su so sanin wane asibiti da wane lokaci.

Ɗan Ƙasa:
Ku gafarce ni, ni dai wannan abin yana ci mini rai. Mutanen da suka shigo garin nan da bindiga a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, suka ɗebi samarinmu suka kai su mutuwa a ƙasar da ba su san sunanta ba, yau su ne za mu rubuta wa cikin ladabi mu roƙi tarihin kakanninmu? A Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojojin da suka dawo daga kamun Jamus sun nemi haƙƙinsu kawai, aka buɗe musu wuta. Shekara da shekaru ana cewa mutum 35 ne. Sai a 2014 shugaban Faransa François Hollande ya ce aƙalla 70, sai a 2024 magajinsa Macron ya yarda ya kira abin kisan gilla. Waɗanda suka tsira kuma aka daskarar da fanshonsu da dokar 1959, Bature yana karɓar nasa yana ƙaruwa, namu yana nan inda yake. Takardar waɗannan mutanen ce za ta gaya mana gaskiya? Kuma meye abin alfahari a bauta wa tutar wani?

Hajiyar Mirya:
Ɗana Ɗan Ƙasa, duk abin da ka lissafa haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka sassauta harshe a kan maganar bauta. Mahaifina yana cikinsu, shi Andoshin aka kai shi, can wajen Biyetnam ta yanzu. Bai nema ba. Takarda ce ke zuwa daga kumandan zuwa ga sarki, sarki ya rarraba wa masu gari, a ce kowane gari ya kawo samari kaza. Mahaifiyarsa ta bi su a ƙasa tana kuka har sai da aka kore ta da bulala. Wanda ke da hali ya ɓoye ɗansa ya tura na talaka, wanda ke kusa da iyaka ya tsallaka Daura ko Kazaure. Wanda ba shi da kowa, shi ya tafi.

Yaron nan bai ce yana alfahari da Faransa ba. Kakansa yake nema. Ni har mahaifina ya rasu ban zauna na tambaye shi ba, muna ganin in ya fara surutun dare ciwon tsufa ne. Yanzu da na so sani, babu wanda zan tambaya. Wannan abin yana nan a maƙogwarona.

Ɗan Ƙasa:
Allah ya ba ki haƙuri Inna, ban nufi mahaifinki ba, Allah ya jiƙansa. Abin da nake cewa shi ne me ya sa tarihinmu yake can, ba ya nan?

Malamin Tarihi:
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ina tare da kai a kanta. Senegal ta matsa a ba ta takardun Thiaroye, mu ma ya kamata a ce muna da kwafin rajistocin ɗaukar soja na Damagaram a nan garin, ɗalibin jami'ar André Salifou ya shiga ya duba ba sai ya nemi biza ba. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926, ai ba ƙaramin abu aka rubuta a kansa ba. Wasu takardun suna gidan ajiya na ƙasa a Yamai, wasu suna Dakar don can ne hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa take.

Amma inda na saɓa da kai shi ne cewa kar a nema don su suka rubuta. Ai ƙaryar Thiaroye da takardunsu aka kama ta, masu bincike suka jera rahotannin hafsoshi suka ga lissafin bai haɗu ba. Takardar mai mulki ba a haɗiye ta, tauna ta ake yi. Ranar shiga jirgi ba su da dalilin yin ƙarya a kanta. Inda suka rubuta "halinsa ba shi da kyau" ko "ya yi tawaye", nan ne za ka tsaya ka tambayi wa ya rubuta, don me.

Baƙon Daura:
Ina biye da ku daga wannan gefen. Don masu irin wannan nema: in kakanku ya tsallako nan, mai yiwuwa Ingila ce ta ɗauke shi, ba Faransa ba. Namu an kai su Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma su ma suna da rukunin ɗaukar masu rauni. Akwai Damagarawa da suka gudo wa kakin Faransa suka faɗa na Ingila. Wanda ya mutu a can, ana duba sunansa kyauta a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth. Amma na ɗan uwanmu tunda an buga ZINDER, magana ta ƙare.

Mai Shago a Tasha:
Tambaya don Allah, in an samu takardun akwai wani kuɗi da iyali za su karɓa? An ce an gyara fanshon.

Mazaunin Liyon:
An gyara, bayan wani tsohon soja ɗan Senegal ya yi nasara a babbar kotun Faransa a 2001, aka fara daidaitawa a 2007, aka kammala a 2011, lokacin da yawancinsu sun riga sun kwanta dama. Amma kar kowa ya sa rai. Kuɗin da ake ba mai katin tsohon soja yana ƙarewa ne da rasuwarsa, ba a gadonsa. Fanshon wanda ya daɗe a soja shi ne matar mamaci ke iya samun rabo, ba jikoki ba.

Na faɗi haka ne don an cuci wani ɗan uwana. Wani mutum ya zo masa da jaka da takardu masu tambari, ya ce zai fitar musu da miliyoyin kakansu, ya karɓi kuɗin "buɗe dosiye" sau uku, ya ɓace. Neman takardar aikin soja ba ya bukatar ɗan tsakiya. Wasiƙa ce da Faransanci mai sauƙi, kowane malamin lakwal zai rubuta maka. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, kai tsaye ake aikawa.

Jikan Lokotoro, shirun shekarun nan ya sa ina zargin kamu ne. A watan Mayu da Yuni na 1940 Jamus ta kama sojojin Faransa masu ɗimbin yawa. Turawan aka wuce da su Jamus, baƙaƙe kuwa yawancinsu aka tsare su a cikin Faransa, a sansanonin da ake kira Frontstalag, don ba sa son baƙar fata a ƙasarsu, suna kuma tsoron cututtukan ƙasashen zafi. Senghor kansa, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal na farko, a irin wannan sansanin ya zauna a Poitiers kafin a sake shi a 1942 saboda rashin lafiya. Tarin fuka ya kashe da yawa a ciki. Kuma wanda aka kama ma ya yi sa'a, don a wurare kamar Chasselay, nan kusa da inda nake, ware baƙaƙen aka yi aka harbe su bayan sun miƙa wuya. Na je maƙabartar, an gina ta da jan bango kamar ginin ƙasarmu. Ban iya daɗewa a ciki ba.

Ga abin da za ka iya yi yau da wayarka: jerin sunayen fursunonin yaƙi da aka buga daga 1940 zuwa 1941 yana kan Gallica, shafin babban ɗakin karatu na Faransa. Katunan fursunoni kuma suna gidan ajiyar ma'aikatar tsaro da ke Caen. Ƙungiyar Red Cross a Janeba ita ma tana da nata. Sai dai ka yi haƙuri da rubutun suna. Magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa: Mahamadu ya zama Mamadou ko Mahaman, sunan uba ya koma gaba, wani lokaci sunan ƙauye ya zama sunan mutum. Ka gwada kowace siga, kuma ka fi dogara da lamba.

Tsohon Majo:
In kamu ne, to ga inda sirinjin ya fito. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta ce ma'aikacin lafiya ba a riƙe shi fursuna, amma a aikace ana barin wasu a sansani su duba ƴan uwansu. Wanda ya iya Hausa da Zabarmanci da ɗan Faransancin bariki, likita ba zai sake shi ba, shi ne bakinsa shi ne hannunsa.

Jikan Lokotoro:
Ƴan uwa na gode, Allah ya saka. Na yi shiru kwana biyu don maganar Hajiya ta tsaya mini. Na tuna akwai gwaggon babanmu a Mirya, ƙanwar kakan, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ido ya tafi amma hankali garau. Jiya na hau mota na je.

Na sa mata ƙarfen a hannu, ta shafa, ta yi shiru. Na karanta mata baƙaƙen ukun. Sai ta fashe da kuka, ta ce ai sunan yayansu ne. Shi aka rubuta a ɗauka. Amarya gare shi da ciki wata bakwai, kuma shi ke riƙe da gonar gidan. Daren da za a tafi, kakanmu ya je ya durƙusa gaban mahaifinsu ya ce shi zai tafi. Da safe aka kira sunan wa, ƙane ya amsa. Mai gari ya sani, ya kau da kai. Ta ce har suka mutu, wan bai taɓa zama a kan tabarma ba in ƙanen yana tsaye. Babanmu kansa bai san wannan ba, a waya na gaya masa, ya kasa magana.

Ta ƙara da cewa ya taɓa ba su labarin wani daji mai dogayen itatuwa masu ɗanko da ƙamshi, ana sa su sara, shi kuma yana kwana a ɗakin masu tari. Ya ce ya wanke gawa ya yi mata salla da hannunsa sun fi a ƙirga, don kar a binne Musulmi haka nan. Na ɗauki muryarta a waya, minti arba'in.

Yanzu ga matsalata: da wane suna zan nema? Kuma in sun ce in kawo shaidar dangantaka, takardunmu duk sunansa na gaskiya ne a ciki.

Hajiyar Mirya:
Allahu akbar. Allah ya sa aljanna ce makomarsu su biyun. Ka koma wurinta, ɗana, ba sau ɗaya ba. Tsoho ba ya zazzage buhunsa a zama guda.

Ɗan Ƙasa:
Wannan kam babu takardar da za ta rubuta shi. Ka tura muryar nan wurare biyu ko uku, waya ba abin yarda ba ce.

Malamin Tarihi:
Ka nema da sunan da ke kan ƙarfen, don ga soja shi ne mutumin. Ka rubuta sunan wan da duk sigogin da za a iya rubuta shi, da sunan mahaifinsu, da garinsu, da Zinder, da 1938, da lambar. Ka haɗa da hoton ƙarfen gaba da baya. A cikin wasiƙar ka faɗi gaskiyar abin da ya faru cikin layi biyu, ba yau suka fara ganin wanda ya amsa sunan wani ba.

Maganar dangantaka kar ta tsorata ka. A dokarsu fayil irin wannan yana buɗewa bayan shekara 50. Abin da ya shafi lafiya ne ke da tsauri: shekara 25 bayan rasuwar mutum, ko 120 daga haihuwarsa in ba a san ranar rasuwa ba. Wannan sai ka zo kan Limoges zai dame ka, lokacin sai a nemi shaidar rasuwa.

Dajin kuwa, itacen da ta kwatanta ya yi kama da na yankin Landes a kudu maso yammacin Faransa, inda akwai sansanoni a Onesse da wajen Bayonne, an kuma sa fursunoni aikin daji. Amma akwai wani sansanin a Épinal, can gabas, nan ma daji ne, sanyinsa kuma ya fi tsanani. Kar ka yanke tukuna. In ka koma Mirya ka tambaye ta ko ya ambaci teku kusa da su, ko ƙasar wurin rairayi ce ko duwatsu. Ka kuma tambaye ta da wane lokaci ya dawo, da damina ko da ɗari, kuma shekara nawa ɗan wan nan da aka bari a ciki yake da shi ranar.

Jikan Lokotoro:
Na rubuta tambayoyin. Ɗan wan nan ma yana raye, yana Magarya, ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Asabar in sha Allahu zan fara da Mirya, in na samu mota in wuce wurinsa. Yaya na Liyon, zan turo maka wasiƙar ka duba mini Faransancin kafin in aika.

Mazaunin Liyon:
Turo. Ka sa lambar da manyan baƙaƙe a saman shafi, kuma ka ajiye kwafi.